Gwaggo da 'Yar Aikenta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Litinin da hantsi a ɗakinta da ke Zongon Kwatano, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Shekarunta ban san iyakarsu ba, don ba a yanka mata takardar haihuwa ba. Baba ya ce tamanin da biyu. Aminiyarta, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Fon da suka yi shekara arba'in rumfarsu na jingine da juna a kasuwar Dantokpa, ta ce Baba ya rage mata biyar don kada a gano nasa.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a ƙarƙashin rumfar da aka tare titi da ita. Mutanen unguwa sun zo sun yi gaisuwa kamar yadda aka saba. Waɗanda suka zo daga nesa, daga Paraku da Jugu da Lome, su ne suka sa na zauna rubuta wannan. Mutum zai durƙusa gaban Baba ya yi masa ya haƙuri, a shafa fatiha, sa'an nan ya zagayo inda nake, ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya.

"Metir, ta samu ƙarshen kuwa?"

Metir, wato malamin makaranta da Faransanci, sunan da Gwaggo ta laƙaba mini ne, ya bi ni har yau. Wanda ya fara yi mini tambayar wani dattijo ne mai fataucin shanu, gemunsa fari fat, wanda ya koma arewa shekaru da yawa da suka wuce. Ya ce shi tun da ya bar Kwatano abin yana ransa, in ya hau bayan tirela tare da shanu sai yarinyar nan ta faɗo masa. Bayansa wata ungozoma da ta tashi a layinmu, yanzu tana aiki a Lome, ta riƙe hannuna tana kuka tana dariya, ta yi mini tambaya iri ɗaya. Na buɗe baki zan fara bayani, Baba ya ɗaga hannu daga kan tabarmarsa.

"Ku bari ya rubuta muku. In ya fara da baki, za mu kai magariba yana 'wataƙila' da 'in ban yi kuskure ba'."

Ƙarshen da suke tambaya, ƙarshen wani wasan zane ne na mutanen Japan, irin masu motsin nan da ake yi wa yara, masu manyan idanu da gashi kala-kala, waɗanda a nan muke ce wa desanime. Ana nuna shi a tele kowace Laraba bayan la'asar, da Faransanci. Labarin wata yarinya ce mai jar hula da aka ba wasiƙa a rufe, ta kai wa wani tsoho mai gadin fitilar jiragen ruwa a can ƙarshen teku. Abokin tafiyarta wani tsuntsu ne mai ƙiba wanda ba ya iya tashi. Sunanta na Turawa Gwaggo ba ta taɓa kama shi ba, sai ta sa mata 'Yar Aike. An yi kusan shekara ana bin tafiyarta, saura mako ɗaya ta isa, aka yanke shirin, ba a sake nuna shi ba. Gwaggo ta yi shekara goma sha biyu tana neman wannan kashi na ƙarshe. So take ta san ko yarinyar ta isar da amana, da kuma abin da aka rubuta a takardar.

Na san akwai wanda zai ga wannan bai kai abin da za a rubuta a ta'aziyyar macen da ta je Makka sau biyu, ta riƙe 'ya'yan mutane tara ta aurar da su ba. Ni ma na daɗe ina jujjuya abin a raina. Amma ina jin in na rubuta salla da azumi da sadakarta kaɗai, zan rubuta gaskiya, sai dai ba wanda zai gane Gwaggo a ciki.

Atamfa take sayarwa. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ba ta sake aure ba, 'ya'yan da ta haifa kuma ba su rayu ba. Ita ce ta fara sayen tele mai launi a layinmu. Ranar Laraba, ko kasuwa ta cika maƙil, da an yi azahar za ta fara naɗe kaya. Aminiyarta takan ce wa masu saye, "Ku dawo gobe, Hajiya za ta je duba jikokinta na Japan." Zemijan, wato ɗan acaba, zai sauke ta a ƙofar gida, ta yi alwala ta yi la'asar, a fito da tele tsakar gida a ɗora bisa turmi a kife. Yara a gaba, mata a baya da tiren tsintar shinkafa, fataken shanu a bakin ƙofa suna yi kamar wani suke jira.

Da an fara sai ta rage muryar tele ta ɗauki tata. Faransancin Gwaggo na kasuwa ne, ciniki da gaisuwa da zagi. Da shi da abin da idonta ya gani take haɗa labarin da Hausa, ta ba kowa murya. Mugayen cikin wasan suna magana kamar masu tare mota a kan iyaka. 'Yar Aike tana magana a hankali, da ladabi, amma ba ta barin ko-ta-kwana. Shi kuwa tsuntsun nan mai ƙiba, mai yawan ƙorafi, wanda kullum shawararsa a koma gida, muryar Baba ta ba shi, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana. Kowa ya gane. Ba wanda ya faɗa.

Labari dai ya kai wa Baba. Ina nan ranar da ya shigo, bayan an watse, babbar riga a saɓe.

"Yaya, ki dubi girmanki. An ce ɗazu har kuka kika yi a gaban yara, don zanen da wani ya yi da alƙalami."

"Alhaji ƙarami, kai da ka yi kuka da aka sace maka ragon layya?"

"Rago ai mai rai ne."

"Zauna in tuna maka. Kana ɗan shekara bakwai na aike ka da ƙunshin alkaki wurin Inna. Nan da bakin masallaci. Me ya isa?"

Baba ya yi gyaran murya.

"Ganyen ƙunshin kaɗai ya isa," in ji Gwaggo. "Yarinyar nan wata takwas ke nan tana tafe da takardar mutane, ruwa ya dake ta, ɓarayi sun bi ta, ko bakin ambulan ba ta ɗaga ba. In ban yi mata kuka ba, kai zan yi wa?"

"Mutane suna magana, Yaya."

"Na bar salla? Na ci haƙƙin wani? To su yi ta yi. Ni ban ga inda aka ce in mutum ya tsufa ya daina jin daɗi ba. In ka gani, kawo mini in ji."

Bai kawo ba, bai kuma taɓa zama kallo ba. Ranar Laraba ta wata hanya yake bi zuwa masallaci.

Ba zane kaɗai ba ne. Gwaggo tana tara kaset na waƙa, kuma hanyar da take samunsu ban taɓa jin wani yana bi ba. Babban ɗan riƙonta dillalin motoci ne, a filayen da ake jibge motocin gwanjo da jirgi ke saukewa daga Turai. Turawa sukan manta kaset a cikin rediyon mota, ko a ƙarƙashin kujera. Ta ce masa duk wanda ya tsinta nata ne. Da abin ya bazu, sauran dillalai ma suka riƙa aiko mata, har suka cika akwatunan ƙarfe uku. Ba ta karatun boko, don haka kowane kaset sai ta saurare shi tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ta yanko ƙyallen atamfa ta manna masa. Mai ja na ranar da aka yi ciniki ne. Mai ruwan ganye na wanki da shara. Mai shuɗi ba a sa shi sai an yi rashi. Takan kuma faɗi halin mai motar daga waƙarsa. Ta ji wani kaset ta girgiza kai ta ce, "Wannan bawan Allah matarsa ta tafi ta bar shi, shi ya sa ya sayar da motar."

Da mijin aminiyarta ya mutu, Gwaggo ta bari sai da 'yan coci suka watse, ta ɗauki rediyonta da kaset ɗaya mai shuɗin ƙyalle ta tafi. Wani mutum ne yake waƙa shi kaɗai da wani harshe da har yau ba mu san na wace ƙasa ba ne. Suka zauna su biyu har kaset ya ƙare, ta juya shi, ya sake ƙarewa. Ranar uku da rasuwar Gwaggo tsohuwar nan ta ce ba ta son atamfa, ba ta son komai, a ba ta wannan kaset. Mun sha wuya kafin mu gano shi, don masu shuɗin suna da yawa. Ita ta gane shi da jin numfashin farko.

A cikin motocin nan ake tsinto mata kayan wasan yara ma. Akwai wani kwaɗon ƙarfe da ake murɗa wa mabuɗi ya yi ta tsalle. Wannan nata ne ita kaɗai, a cikin kwallarta yake kwana. Yaro ba ya taɓa shi sai in zazzaɓi ya kwantar da shi. Na taɓa shiga ɗakinta ba sallama mai ƙarfi, na iske ta zaune a ƙasa, carbi a hannu ɗaya, tana tsere da kwaɗon da wata 'yar motar kashe gobara. Ba ta ji kunya ba. Ta ce in tsaya daga can in ga wanda ya riga isa bakin tabarma.

Nawa laifin kuma dole in faɗa. Ina shekara ta biyu a jami'a a Abomey-Calavi, ina karatun Faransanci, na zo gida wata Laraba. Ana cikin kallo, wani mai kwalekwale ya yi wa 'Yar Aike magana, Gwaggo ta ce wai cewa ya yi ba zai tuƙa ba sai an ba shi abinci. Na ji abin ya tsaya mini. Na ce, a gaban kowa, "Gwaggo, ina jin ba haka ya ce ba. Cewa ya yi gadar da ke gaba ta karye."

Gwaggo ta dube ni, ta matsa gefe a kan kujerarta.

"To, Metir. Zo ka yi mana."

Na zauna na ƙara muryar tele, na shiga fassara jimla bayan jimla. Ban tsallake komai ba, inda kalma take da ma'ana biyu na faɗi duka biyun. Kafin minti goma yara sun koma wasan langa, fataken shanu sun tuna da wanda suke jira. Wata mata ta ajiye tirenta ta ce, "Don Allah a mayar mana da Hajiya." Gwaggo ta karɓi wurinta ba tare da ta dube ni ba. Bayan an tashi ne ta ce mini, "Kai kana gaya musu abin da aka ce. Ni ina gaya musu abin da ya faru." Mako biyu ba ta amsa gaisuwata da fiye da "lafiya" ba, sa'an nan ta aiko mini da dambun kifi har makaranta. Har yanzu ina ganin gadar ce ta karye. Amma mai kwalekwalen, in aka duba da kyau, ya yi kama da mai jin yunwa.

An yanke shirin ne a shekarar da aka fara zaɓe mai jam'iyyu da yawa. Gwaggo ta yi murna da wannan sauyi fiye da kowa a gidanmu. Ta ce ta gaji da rage murya in za ta yi maganar gwamnati a kasuwa. Larabar da za a nuna kashi na ƙarshe ta sa aka soya ƙosai kwano biyu, gida ya cika har kan katanga. Aka kunna tele, sai ga wani mutum da kwat zaune a bayan tebur. 'Yan takara sun yi yawa, kowa sai an ba shi mintocinsa, lokacin yara aka ɗauka aka raba musu. Gwaggo ta rage muryarsa ta ce, "Ya ce a yi haƙuri, yarinyar tana nan tafe, in an zaɓe shi zai kai ta da mota." Aka yi dariya aka ci ƙosai. Duk mun ɗauka mako mai zuwa ne.

Aka yi zaɓe, ta je ta jefa ƙuri'arta da sabon leshi. Laraba ta zagayo, sai aka fara wani shiri dabam. Ita da aminiyarta suka hau tasi har gidan telen. Wani ma'aikaci ya karɓe su da mutunci, ya ce faifan na haya ne, wa'adinsa ya cika, an mayar wa masu shi. Ta dawo gida ta zauna ba ta cire mayafi ba. Baba ya leƙo, ina jin da niyyar ya ce ai ga irinta nan. Ta riga shi.

"In Allah ya yarda, ba zan mutu ba sai na ji abin da ke cikin takardar nan."

"Yaya, ki yi istigfari."

"Ai na ce in Allah ya yarda. Kai ne ba ka saurare."

Daga nan duk inda sarin atamfa ya kai ta, Lome ko Ikko, sai ta bi rumfunan masu kaset ɗin bidiyo tana kwatance da hannu: yarinya, jar hula, tsuntsu mai tumbi. Sun sha sayar mata da wani abu dabam. Ba ta taɓa mayarwa ba. Takan kawo gida a kalla ranar Laraba, ta ba su muryoyi, ta so su, amma da an gama ta ce, "Wannan ma ya yi. Sai dai ba ita ba ce." Yaran da suka fara kallon 'Yar Aike suka girma, suka yi aure, wasu suka bar gari. Na taɓa ce mata, a hankali yadda zan iya, wataƙila ma masu zanen ba su taɓa yin ƙarshen ba. Ta ce, "Metir, wanda ya ba yarinya aike ya san inda za ta sauke. Karatun naka bai kai nan ba?"

Sai ciwon suga ya taɓa idonta. Ta bar kasuwa. A shekara biyun ƙarshe haske da duhu kawai take bambancewa. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan, har na ji sauƙi a raina, Allah ya yafe mini, don ina tsoron ranar da za a samu abin ba ta da idon gani. Ita ba ta daina tambayar ɗan riƙonta ba duk ranar da ya zo gaishe ta. Abin da ban sani ba sai daga baya, Baba ma ya shiga nema a ɓoye. Duk abokinsa da zai tafi Dubai ko Jidda sai ya ja shi gefe ya yi masa kwatancen jar hula, ya ce wai jikarsa ce take so.

Wata Asabar da rana tsaka ɗan riƙon nata ya faɗo gida a bayan zemijan, rungume da kwali, mutum mai 'ya'ya biyar yana ihu tun daga titi, "Inna! Inna!" A ƙarƙashin kujerar baya ta wata ƙaramar bas da ta zo daga Jamus ya same shi. Kaset ɗin bidiyo ne guda goma sha uku, irin wanda ake ɗauka a gida daga tele, an rubuta musu lamba da hannu. A jikin kowanne wani yaro ya manna hoton yarinya mai jar hula.

Na ɗauki na ƙarshen na shiga ɗaki na gwada shi ni kaɗai. Ita ce. Ga hasumiyar fitilar can a gabanta. Amma hoton ya fito ba launi, don na'urarmu da tasu ba iri ɗaya ba ce, kuma da Jamusanci suke magana. Ko kalma ɗaya ban sani ba. Na fito na durƙusa gabanta na faɗa mata.

"Ba launi? To ni ma haka nake gani, mun yi daidai."

"Gwaggo, harshen ne. Akwai wani abokin aikina da ya karanta Jamusanci. In na kai masa ya rubuta mana fassara, sai a kalla da tabbaci."

"Kwana nawa?"

"Wataƙila mako biyu. Ko uku, in yana gyaran jarrabawa."

"Metir, ba ni da mako biyun da zan ba ka aro. Laraba. A soya ƙosai."

Ban san yadda labari ya zaga ba. Ranar Laraba tun kafin la'asar layinmu ya cika da babura, 'yan zemijan da rigunansu masu ruwan ɗorawa sun ajiye aiki. Wata ta rufe shagon ɗinkinta, wani ya bar ofis ya ce haƙori ke damunsa. Waɗanda suka zauna a gaba suna yara shekara goma sha biyu da suka wuce, su ne suka sake zama a gaba, da nasu 'ya'yan a cinya. Aminiyarta ta zo da sanda. Aka kife turmi aka ɗora tele. Ana shirin farawa sai ga Baba da kujerarsa a hannu. Ya ce ya zo duba tsagewar da aka ce katanga ta yi. Ya dasa kujerar a baya, ya ba katangar baya.

Aka fito da Gwaggo cikin sabuwar atamfa, an ɗaura mata kallabi irin na ranar biki. Ta laluba ta kama gwiwata.

"Kai ne idona yau. Faɗi abin da ka gani. Kada ka faɗi abin da kake zato."

Na kunna. Na ce, "Tana hawan matakala. Doguwa ce, tana zagaye. Da alama ta gaji."

"Ta gaji ko ba ta gaji ba?"

"Ta gaji."

"To." Ta gyara zama, sai ga muryar 'Yar Aike ta fito daga bakinta, siririya, kamar jiya aka rabu: "Ƙafata, ki yi haƙuri, saura kaɗan, in mun isa zan jiƙa ki a ruwan ɗumi." Wata a gaba ta fashe da kuka tun daga nan.

Haka muka yi ta tafiya, ni ina faɗin abin da ke gabana, ita tana sa masa rai. Iska ta fizge hular, yarinyar ta cafke. Takalminta ɗaya ya faɗa teku. Sai tsuntsun ya maƙale a wata 'yar taga, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Na faɗa wa Gwaggo. Ta buɗe baki za ta yi muryarsa, tari ya sarƙe ta. Aka miƙo ruwa. Tsuntsu yana ta wutsil-wutsil a tele ba mai yi masa magana. Sai muka ji gyaran murya daga baya.

"Ni dai tun farko na ce a koma gida," in ji Baba.

Ban taɓa jin tsakar gidan nan ta ɗauki ihu irin na ranar ba. 'Yan zemijan suna dukan katanga, mata suna riƙe ciki. Gwaggo ta yi dariya har kallabinta ya zame, tana cewa, "Alhaji ƙarami! Ashe kana ji ta bayan katanga!" Sai da na tsayar da kaset aka natsu.

Yarinyar ta kai ƙofa ta ƙwanƙwasa. Tsoho ya buɗe. Ta ciro wasiƙar daga ƙirjinta, duk ta yamutse, ta miƙa da hannu biyu. Ya yage bakin ambulan. Daga nan ba a nuna rubutun ba, sai wata murya ta mace ta shiga karantawa da Jamusanci, a hankali.

"Me yake yi?" in ji Gwaggo, ƙasa-ƙasa.

"Yana karantawa."

"Ita fa?"

"Ta cire hula. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa."

Gwaggo ta karkata kai wajen tele, ta saurari muryar nan har ta kai aya, yadda take sauraron kaset kafin ta manna masa ƙyalle. Sa'an nan ta ɗaga hannu na tsayar.

"Na ji," ta ce. Ta juyo wajen mutane da idanunta da ba sa ganinsu. "Ga abin da takardar ta ce. Zuwa ga mai gadin fitila. Wadda ta kawo maka wannan ta yi tafiya mai nisa. Ba ta buɗe ba, ba ta yar ba, ba ta ba wani ya kai mata ba. Babu wani saƙo, ita ce saƙon. Ka ba ta ruwa, ka shimfiɗa mata tabarma, ta huta."

Aminiyarta ce ta fara buga sanda a ƙasa, sai guɗa ta tashi daga bayan gida, wata ta karɓa, wata ta karɓa. A waje aka shiga danna ƙahon babura har masu wucewa suka ɗauka ɗaurin aure ake yi. Ɗan riƙonta ya durƙusa ya kifa kansa a cinyarta. Ita kuwa tana zaune a miƙe, tana murmushi, tana tambaya ko an ajiye mata ƙosai.

Cikin wannan hayaniya Baba ya ratso mutane ya zo inda nake. Idonsa ya yi ja. Ya sunkuyo ya ce, "Metir, kai ne mai karatu. Haka aka ce a takardar?"

Ban san Jamusanci ba, kuma Baba ya san ban sani ba. Na ce, "Haka aka ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya je ya ɗauko mata ƙosan da kansa.

Mako biyar ta yi bayan wannan. Ya Allah, baiwarka ta iso gare ka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka sa ta iske ƙofa a buɗe. Mu da muka saura da namu aiken a hannu, ka ba mu ikon isar da shi. Amin.